Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Jirgin Ƙasa Mai Tururi Yake Gaba da Baya Ba Tare da Giyabos Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni bakanike ne, ina gyaran motoci a Agege. Kwanakin baya na kai yarana gidan tarihin reluwe na Jaekel House da ke Ebute Metta, inda muka ga hotunan tsofaffin kawunan jirgi masu aiki da kwal. Babban ɗana ya tambaye ni ina giyabos ɗin jirgin yake, ina kuma kulocinsa. Na duba hoton sama da ƙasa ban ga ko ɗaya ba, sai tarin sandunan ƙarfe a gefen ƙafafu, wasu manya wasu sirara. To, ta yaya irin wannan jirgi yake tashi da kaya masu nauyi, ta yaya yake sauya gudu, kuma ta yaya yake yin ribas? Daga wani mai karatu, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idonka bai yaudare ka ba, domin kan jirgi mai tururi irin wanda ya yi aiki a ƙasar nan ba shi da giyabos, ba shi da kuloci, kuma bai taɓa bukatar su ba. Ka fi ni sanin cewa injin mota ba ya ba da ƙarfi sai yana juyawa, idan kuma nauyi ya danne shi har juyinsa ya ragu ƙwarai sai ya mutu, shi ya sa ake raba shi da tayoyi da kuloci, ake kuma sauya masa giya. Shi injin tururi ƙarfinsa a tare yake a cikin tukunya tun kafin a motsa, saboda haka ko jirgin yana tsaye cik, da zarar an saki tururi a bayan fistin zai tura shi da dukkan ƙarfinsa. Wannan ne ya sa aka haɗa fistin da ƙafar jirgi kai tsaye da wata babbar sanda, babu komai a tsakaninsu. Amma aikin da giya take yi a mota, wato ba da ƙarfi mai yawa a lokacin tashi, da rage ci idan tafiya ta miƙe, da komawa baya, siraran sandunan nan da ka gani su ne suke yin sa, kuma hanya ɗaya suke bi: suna sauya lokacin da bawul yake buɗewa da lokacin da yake rufewa. A harshen sana'arku, taimin ne wanda direba yake iya sauyawa da hannunsa alhali jirgi yana tafiya.

A kowane gefe na gaban jirgin akwai silinda a kwance. A mota fistin yana samun turi ta fuska ɗaya ne kawai, a nan kuwa tururi yana tura shi baya, sannan ya shigo ta ɗaya ƙarshen ya turo shi gaba, don haka silindar tana da ƙofa biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. A samanta akwai wani ƙaramin ɗaki inda tururi yake taruwa bayan ya baro tukunya, kuma a cikin wannan ɗaki ne bawul yake kai da komo a kan ƙofofin. A kowane zuwa da dawowa na fistin, bawul yana yi wa kowace ƙofa abubuwa huɗu a jere: ya buɗe ta sabon tururi ya shiga, ya rufe ta tururin da ya shiga ya zauna a kulle yana faɗaɗa, ya haɗa ta da hanyar fita domin tururin da ya gama aiki ya tafi bututun hayaƙi, sannan ya sake rufe ta kafin fistin ya iso, domin ɗan abin da ya rage ya matsu ya tare fistin ɗin kada ya iso ƙarshe da duka.

Game da tashi daga tsaye, akwai wurare biyu a kowane juyi inda fistin da babbar sanda suke miƙewa a layi ɗaya, ta yadda ko nawa aka tura ƙafar ba za ta juya ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tela mai keken ɗinki na ƙafa ya ga irin wannan, inda wani lokaci yakan taka abin takawa ya ƙi motsi har sai ya sa hannu ya ɗan juya wilin. Jirgi mai nauyin tan da yawa ba a juya shi da hannu, saboda haka aka kafa ƙusar da babbar sanda take kamawa a ƙafar dama da ta ƙafar hagu da tazarar rubu'in juyi a tsakaninsu. Duk lokacin da gefe ɗaya ya tsaya a wurin da ba shi da ƙarfi, ɗaya gefen yana daidai inda ya fi ƙarfi.

Yanzu sai mu zo kan ribas, kuma ina roƙon ka riƙe wannan sosai, domin a kansa aka gina sauran. A lokacin da fistin ya kai ƙarshen tafiyarsa yakan ɗan tsaya kafin ya juyo, kuma a daidai wannan lokaci ne ake son bawul ya kasance a tsakiyar tafiyarsa yana sauri, domin ya sauya wa tururi ƙofa. A lokacin da fistin yake tsakiyar silinda yana gudu, shi kuma bawul ya kai ƙarshen tasa tafiyar, ƙofa a buɗe take iyakar buɗewarta. Ke nan tsakanin motsin fistin da na bawul akwai rubu'in juyi, wato digiri 90. Idan bawul ne yake gaba da wannan rubu'i, ƙafa za ta juya ta fuska ɗaya, idan kuwa aka kifar da motsinsa, ya riƙa zuwa gaba a inda dā yake komawa baya, tururi zai shiga ta ɗaya ƙofar, ƙafa kuma ta juya ta ɗaya fuskar. Ribas ɗin jirgin tururi bai wuce wannan ba. Abin da ya rage wa masu ƙira shi ne samun hanyar kifar da motsin bawul daga inda direba yake tsaye.

Hanyar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce wadda wani ma'aikacin reluwe ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Egide Walschaerts ya ƙirƙira a shekarar 1844, yana ɗan shekara 24, kuma ita ce ake gani a gefen yawancin kawunan jirgi na ƙarni na 20. Idan ka sake samun hoton, ka fara daga ƙafar da babbar sanda take kamawa. A kan ƙusar akwai wani gajeren hannu na ƙarfe da aka ɗaure tamau, wanda bakinsa yake komawa kusa da tsakiyar ƙafar, a wurin da ya kauce wa ƙusar da kusan rubu'in juyi. Daga bakin hannun nan wata siririyar sanda ta miƙe gaba ta kama ƙasan wani lanƙwasasshen ƙarfe mai tsaga a cikinsa daga sama har ƙasa, wanda za mu kira baka saboda siffarsa. An rataye bakan a jikin jirgi daga daidai tsakiyarsa, don haka idan ƙafa tana juyawa sai ya riƙa rangaji: ƙasansa ya yi gaba samansa ya yi baya, ƙasansa ya yi baya samansa ya yi gaba, tsakiyarsa kuma ba ta zuwa ko'ina.

A cikin tsagar bakan akwai wani ɗan dunƙulen ƙarfe da yake iya zamewa sama da ƙasa, kuma a jikinsa aka maƙala sandar da take kai motsi wajen bawul. Direba yana da liba, ko kuma wani abin murɗawa mai zare, a ɗakinsa, daga nan wata doguwar sanda ta bi gefen tukunya ta zo ta ɗaga sandar dunƙulen ko ta sauke ta. Idan dunƙulen yana ƙasan baka, a yawancin jirage, an saita jirgi ya yi gaba. Idan aka ɗaga shi sama, motsin da yake samu ya zama kishiyar na farko, jirgi ya koma baya. Idan aka tsayar da shi a tsakiya, baka yana ta rangaji amma bai ba shi komai ba. Kuma tsakanin tsakiya da ƙarshe babu matakin da ba za a iya tsayawa a kai ba: gwargwadon kusantar dunƙule da tsakiya, gwargwadon gajartar tafiyar bawul, gwargwadon kuma saurin rufe ƙofa bayan an buɗe ta.

Akwai motsi na biyu, wanda a ganina a nan ne basirar mutumin nan ta fi bayyana. An ƙera kan bawul ya fi ƙofar da yake rufewa faɗi, yana da ɗan ƙarin leɓe, kuma wannan leɓe ne yake sa ƙofa ta zauna a rufe na wani lokaci tururi ya samu damar faɗaɗa. Sannan ana son ƙofar ta ɗan buɗe kaɗan kafin fistin ya kai ƙarshe, domin ya juyo ya tarar da cikakken ƙarfi yana jiran sa. Waɗannan biyun suna bukatar a ɗan gusar da bawul a daidai lokacin da fistin yake ƙarshe, kuma gusawar iri ɗaya ce ko gaba ake yi ko baya. Sai Walschaerts ya ɗauko ta daga jikin fistin ɗin kansa. Kusa da silinda za ka ga wata liba a tsaye, ƙasanta a haɗe da wani ƙarfe mai kama da takalmi da yake zamewa tare da sandar fistin, a samanta kuma akwai ƙusoshi biyu kusa da juna, ɗaya ta sandar dunƙule, ɗaya ta sandar bawul. Doguwar tafiyar fistin a ƙasan libar takan zama 'yar gajeriyar tafiya a samanta, ta haɗu da motsin da ya zo daga baka, abin da ya fito daga haɗuwarsu shi ne yake isa ga bawul. Har lanƙwasar bakan ma da lissafi aka yi ta, an daidaita ta da tsawon sandar dunƙule, ta yadda idan fistin yana ƙarshe aka ɗaga dunƙule daga ƙasa har sama, bawul ba zai gusa ba ko kaɗan. Bakaniken da yake saita bawul yakan yi wannan gwaji domin ya tabbatar tsawon sanduna daidai yake.

To, mene ne amfanin rufe ƙofa da wuri? A ɗauka fistin yana tafiyar inci 24. A lokacin tashi, direba yakan kai dunƙule ƙarshen baka, tururi ya riƙa shiga har fistin ya ci kusan kashi 75 cikin 100 na tafiyarsa, wato inci 18, kafin a yanke. Wannan shi ne matsayin giya ta ɗaya, ƙarfi mai yawa da ci mai yawa. Idan taragu suka ɗauki tafiya, sai ya riƙa janyo libar zuwa tsakiya mataki-mataki har yankewar ta dawo kashi 25, ko ƙasa da haka a jirage masu kyawun ƙira a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. A kashi 25, tururi yana shiga ne na inci 6 kawai, sauran inci 18 kuma wanda aka kulle a ciki ne yake faɗaɗa yana turawa, ƙarfinsa yana raguwa a hankali har ya dawo kusan rubu'in yadda ya shigo. A lissafin takarda, yankewa a kashi 25 tana cin sulusin tururin da yankewa a kashi 75 take ci, amma aikin da take bayarwa ya kai wajen kashi 60 cikin 100 na wancan. Ke nan kowane shebur na kwal ya yi aikin da ya kusa ninki biyu. A aikace ribar ba ta cika kai haka ba, saboda wani tururin yakan huce ya zama ruwa a jikin silinda, kuma idan aka matsa yankewa fiye da kima jirgi yakan fara bugu da fizga, amma duk da haka ribar babba ce.

Ka duba abin da wannan yake nufi a ƙasarmu. Layin dogo da ya tashi daga Iddo ya isa Ibadan a 1901, jirgi ya shiga Kano a 1911, kuma tsakanin Legas da Kano akwai fiye da kilomita 1,100. A zamanin jirgin tururi, kwal ɗin da ake ƙonawa daga Inugu ake haƙo shi a yi jigilarsa zuwa tashoshi, ruwa kuma sai an tsaya a sha a hanya, ga rani a Arewa. Direban da ya san inda zai ajiye libarsa a kowane hawa da kowace gangara yana isa tasha ta gaba da sauran ruwa a tanki, fayaman ɗinsa kuma, wato mai zuba wa wuta kwal, bai galabaita ba. Wanda ya bar ta a ƙarshen baka yana rage gudu da totur kawai, yana zubar da tururi mai ƙarfi ta bututun hayaƙi ne a banza.

Kafin tsarin Walschaerts ya yaɗu, wanda aka fi amfani da shi shi ne mai ɗauke da sunan Stephenson, ko da yake ma'aikata biyu ne na kamfanin Robert Stephenson da ke Newcastle a Ingila, William Williams da William Howe, suka fito da shi a 1842. Jiragen da suka gabace shi suna da wasu ƙugiyoyi ne da ake sa wa ko a cire, ko gaba sosai ko baya sosai, babu tsaka-tsaki. A tsarin Stephenson kowace silinda tana da fayafayan ƙarfe biyu a kan gatarin ƙafafu, waɗanda aka huda a gefe maimakon tsakiya, ɗaya na gaba ɗaya na baya, sandar kowanne tana riƙe da baki ɗaya na baka, kuma bakan ne kansa ake ɗagawa ko a sauke. Tsari ne mai kyau, ya yi aiki shekaru masu yawa, amma yawanci a ƙarƙashin tukunya yake, tsakanin ƙafafu, sai mutum ya shiga rami ko ya kutsa kafin ya zuba masa mai. Faɗin tsohon layinmu milimita 1,067 ne, ya gaza na sabon layin Legas zuwa Ibadan mai milimita 1,435, don haka wurin da ke tsakanin ƙafafu ƙunci gare shi. Tsarin Walschaerts kuwa a waje yake, ido yana ganin kowace ƙusa, direba yana iya zagayawa da butar mai a tasha ya ɗiga wa kowane mahaɗi, ya kuma ɗora bayan hannunsa ya ji ko wani wuri ya yi zafi. Shi ne a gefen kawunan jirgin nan da aka fara kawowa daga Birtaniya a ƙarshen shekarun 1940 aka sanya musu sunayen kogunan ƙasar nan.

Tun da kai mai mota ne, zan ƙara maka cewa a shekarun 1920 wani injiniya ɗan Italiya, Arturo Caprotti, ya sanya wa jirgin tururi bawuloli masu ɗagawa irin na mota, waɗanda kam, wato ƙarfe mai ƙusumbi da yake juyawa, yake buɗewa. Sun fi iya raba lokacin shiga da na fita, amma gyaransu sai ƙwararru da kayan aiki na musamman, shi ya sa ba su ture tsarin sanduna ba har dizal ya zo ya karɓi aikin. Ina ganin duk wani kan jirgi na tururi da ya rage a lokon Ebute Metta, wato wurin ajiye kawunan jirgi da gyaransu, ko wani wuri ya cancanci a tsare shi daga masu yanka ƙarfe su sayar a kilo, domin babu wani inji da yake nuna wa ɗan koyo ma'anar taimin a fili, a gaban idonsa, kamar wannan.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, ina son karanta injiniyanci. Na kalli bidiyon jirgin tururi a waya, na ji idan zai tashi ƙararsa tana fita ɗaya-ɗaya da ƙarfi, idan ya yi nisa kuma sai ta yi sauri ta yi laushi. Me yake kawo wannan ƙara, kuma gaskiya ne ana iya gane lafiyar jirgi daga jin ta? Daga wata mai karatu, Idi-Araba.

Amsa: Barka kadai, 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kunnenki ya kama abin da tsofaffin ma'aikatan loko suke dogara da shi. Kowace ƙara da kika ji, bawul ne ya buɗe wa tururin da ya gama aiki hanya ya fita. Silinda biyu ne, kowace tana fitarwa daga ƙarshenta biyu, saboda haka a kowane juyi ɗaya na ƙafa ana jin ƙara huɗu. Kina iya lissafa gudun jirgi da wannan. Ƙafa mai faɗin inci 48 tana cin kimanin mita 3.8 a juyi ɗaya, idan jirgi yana gudun kilomita 40 a awa tana juyawa kusan sau 3 a sakan, ƙarar kuma ta kusa 12 a sakan, inda kunne ya fara kasa rarrabe su. Jirgi mai silinda uku yana ba da shida a juyi ɗaya. Akwai kuma samfurin Garratt, wanda reluwen Najeriya ma ta yi amfani da shi, mai inji biyu, ɗaya a gaban tukunya ɗaya a bayanta, wanda ƙarar injinan nasa takan haɗu ta rabu ta sake haɗuwa.

Bambancin ƙarfi da laushi kuma daga wurin yankewa yake, kamar yadda na bayyana wa mai tambaya na farko. A lokacin tashi ana cika silinda kusan duka, tururi bai samu wurin faɗaɗa ba, don haka yana fita da yawancin ƙarfinsa, ya buga kamar harbi. Idan direba ya janyo liba, tururi kaɗan ne yake shiga, kuma ya riga ya ba da ƙarfinsa ga fistin kafin a sake shi, sai ya fita a sanyaye.

Wannan tururi mai fita yana da sauran aiki guda. Ana bi da shi ta wani matsattsen baki da ke ƙarƙashin bututun hayaƙi, a cikin akwatin da ke gaban tukunya, idan ya harba sama sai ya ja hayaƙi da iska tare da shi, iskar kuma ta biyo ta ƙarƙashin wuta ta ratsa bututan da ke cikin tukunya. Ke nan gwargwadon aikin da jirgi yake yi, gwargwadon yadda yake hura wutarsa da kansa, kuma wannan dabara tana cikin abubuwan da suka sa wani kan jirgi na Ingila mai suna Rocket ya yi fice a 1829. Amma idan bugun ya yi yawa yakan yage shimfiɗar garwashi, ya ɗauke ƙananan kwal da ba su gama ci ba ya watsar ta sama, abin da kan iya kunna busasshiyar ciyawa a gefen layi da rani. Saboda haka hannun direba a kan liba yana shafar fayaman kai tsaye, kuma aikin mutanen biyu ba ya kyau sai sun fahimci juna.

Batun gane lafiya gaskiya ne. Idan an saita bawul daidai, ƙarar huɗun suna fita da tazara ɗaya da ƙarfi ɗaya. Idan wata sanda ta ɗan fi tsawo ko ta gaza, ko ƙusa ta ci ta yi sako-sako, ƙarshe ɗaya na silinda zai riƙa samun tururi fiye da ɗaya, sai a ji uku daidai ɗaya ta yi ƙarfi, ko biyu su matso kusa da juna, jirgi ya riƙa tafiya kamar mai ɗingishi. Idan kuma ana jin huci mai ɗorewa a tsakanin bugu da bugu, zoben bawul ko na fistin ne yake yoyo. Gyaran aiki ne na haƙuri: ana tura kan jirgin da ƙarfen banƙara kaɗan-kaɗan a kan layi har a gano daidai inda fistin yake kai ƙarshe, a buga alama a jikin ƙafa da sandar bawul, a auna buɗin ƙofa a gaba da baya, sannan a rage ko a ƙara tsawon sanda da abin da bai wuce kaurin 'yan takardu ba. Idan kika shiga jami'a za ki haɗu da zanen da ake yi na ƙarfin tururi a cikin silinda daga farkon tafiya zuwa ƙarshe, a kansa za ki ga abubuwa huɗun nan na bawul kowanne a kusurwarsa.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni dattijo ne, ina ƙuruciya na sha biyo jirgin kwal daga Arewa tare da shanu, mu koma da goro daga Agege. Abu biyu nake tunawa: idan zai tashi yakan feso farin tururi ta ƙasa kusa da ƙafafun gaba har ya rufe mutane, wani lokaci kuma ƙafafun su yi ta juyawa a wuri ɗaya da ƙara mai firgitarwa. Sannan mun sha jin ana cewa direba yana iya tsayar da jirgi da ribas idan birki ya ƙi. Ina gaskiyar waɗannan? Daga wani mai karatu, Alaba Rago.

Amsa: Ina amsawa, Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Farin tururin da kuke gani da gangan ake sakin sa. Idan jirgi ya daɗe a tsaye silinda takan huce, tururin farko da ya shige ta sai ya koma ruwa, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa. Idan fistin ya iso ƙarshe ya tarar da ruwa a kulle, yana iya fasa murfin silinda ko ya lanƙwasa sanda. Don haka aka sa wasu ƙananan famfuna a ƙarƙashin kowane ƙarshe na silinda, direba yana buɗe su daga ɗakinsa kafin ya tashi, ya bar su a buɗe har ƙarfe ya ɗauki zafi. Tsohon bawul mai shimfiɗaɗɗen ciki, wanda yake zamewa a kan ƙofofi, yakan ɗan ɗaga da kansa ruwa ya samu mafita. Amma da aka koma ƙara wa tururi zafi bayan ya bar tukunya, dabarar da Bajamushe Wilhelm Schmidt ya inganta a ƙarshen ƙarni na 19, sai aka koma bawul mai siffar ƙananan fistin biyu a sanda ɗaya, wanda ya fi jure zafi amma ba ya ɗagawa, shi ya sa aka ƙara wa silinda wani bawul na kariya mai sifirin.

Juyawar ƙafafu a wuri ɗaya kuwa santsi ne. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, kuma a lokacin tashi liba tana ƙarshen baka, ƙarfi yana kan ganiyarsa, idan akwai raɓa ko ruwan sama ko mai a kan layi sai turin ya fi ƙarfin riƙon. Abin da direba yake yi shi ne ya rufe totur nan take, ya jira ƙafafu su tsaya, ya saki yashi daga akwatinsa zuwa gaban ƙafafu, sannan ya sake buɗewa a hankali. Ba a zuba yashi ƙafafu suna tsakiyar juyawa, domin idan suka kama layi farat ɗaya sanduna suna iya lanƙwashewa.

Maganar tsayawa da ribas ma tana da tushe. Idan jirgi yana gaba aka kai dunƙule ɗaya ɓangaren baka aka buɗe totur, tururi zai riƙa shiga ta gaban fistin yana tare shi, jirgi ya rage gudu. Sai dai ba a yin haka sai dole ta kama, domin silinda takan zuƙo zafin hayaƙi da toka daga akwatin gaba, mai ya ƙone, ƙafafu kuma suna iya cijewa su zame a kan layi, wanda hakan yana rage riƙo maimakon ya ƙara. Ga kuma haɗari ga direban kansa, domin doguwar liba idan aka zare mata sakata jirgi yana gudu da tururi, nauyin bawul yakan fizge ta ta buge mai riƙe da ita. Wannan yana cikin dalilan da suka sa manyan jirage na baya-baya suka koma abin murɗawa mai zare, wanda ba ya fizgewa kuma yana ba da damar sauya yankewa kaɗan-kaɗan, wasu kuma aka sa musu ƙaramar silinda ta tururi ko ta iska da take ɗaga sandar dunƙule a madadin hannun mutum.